BINDIGAR ALJIHUN DA AKE TA YAƊAWA: WA YA GWADA TA?

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsayi. Wanda ba shi da data ko juriya ya wuce abinsa, amma don Allah kada wanda ya karanta layi biyu ya diro min da "to sai mu zauna a yanka mu?" Na san tambayar tana tafe, kuma amsarta tana can ƙasa. Ka daure ka kai wurin.

Magana ce a kan bidiyon ƙaramar bindigar nan da ya cika guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook a kwanakin nan. Hannu kawai ake gani, babu fuska. Baƙa ce, gajera, kaɗan ta ɗara tafin hannu. Ana jujjuya ta a kan bargo, ana ja mata kai tana ƙaras-ƙaras, wata murya na cewa sabuwar fita ce, sabon kamfani ne, ba ta cijewa, ta fi Glock, kuma kuɗinta bai kai na waya mai kyau ba. Ba zan kama sunan da ke jikinta ba, don ba na yi wa kowa talla kyauta. Shi mai bidiyon ɗan kasuwa ne, ko ɗan damfara, ko duka biyun, abinci yake nema, ba ni da ta cewa da shi. Waɗanda nake da magana da su namu ne, masu dubban mabiya, waɗanda shekaranjiya masana ƙwallo ne, jiya masana tattalin arziki, yau kuma an wayi gari sun zama masana makamai. Su ne ke ɗora ta da taken wai talaka ya samu mafita. Wani ma har da cewa "na duba ta, ƙarfenta mai kyau ne." A cikin waya ka duba ƙarfen, Malam?

Ku koma ku tsayar da bidiyon daidai inda aka juya ta gefe. An rubuta 9mm P.A.K. Duk masu sharhin nan sun ga 9mm sun yi kabbara, babu wanda ya tambayi haruffa ukun da ke biye. Haruffan na Jamusanci ne, kuma K ɗin ƙarshe tana nufin ƙara, wato wannan "fau!" da kunne ke ji. Harsashin P.A.K. kwanso ne da ɗan albarushi, an toshe bakinsa da roba, babu ƙwayar dalma a cikinsa ko ɗaya. An yi shi ne don 'yan fim, da masu tayar da 'yan tsere a filin wasa, da masu horar da karnuka, da mai son razana ɓarawo. Bindigar ƙara ce kawai. Harsashin da sojoji da 'yan sanda ke sa wa fistol sunansa 9x19, ana kuma ce masa Luger ko Parabellum, tun 1902 yake aiki. Lambar farko ce kaɗai ta haɗa su.

Bari in kwatanta muku tazarar da abin da kowa ya sani. Iskar da mai faci ke ɗura wa tayar ƙaramar mota ba ta wuce ma'auni 2 zuwa 3 a awon da ake kira ba. Idan aka ɗana harsashin 9x19, matsin da ke tashi a cikin bututun bindiga yakan kai har 2,350 a wannan awon. Wato kusan ninki dubu na tayar motarka, a cikin ƙiftawar ido, taƙi biyu daga hancinka. Na harsashin ƙara iyakarsa 400, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Shi ya sa masu ƙera bindigar ƙara ba sa wahalar da kansu da tataccen ƙarfe. Yawanci haɗin tutiya suke narkawa su zuba a mazubi, irin wanda ake yin mariƙin ƙofa da kan bel da shi. A fesa baƙin fenti, ta yi nauyi a hannu, ta yi sanyi kamar ta gaske. A aikin da aka yi ta dominsa ba ta da laifi.

Sai ka ji an ce, "ai an gyara ta, yanzu tana harbi." To nan ne ma abin tsoron yake. Ba zan yi bayanin yadda ake yi ba, kuma kada wanda ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya. Abin da zan ce kawai shi ne, an ɗauki jikin da aka yi don ɗaukar ƙaramin nauyi an ɗora masa kayan tirela. Ɓangaren saman nan da ke ja da baya duk lokacin da aka harba, ku lura da kyau, fuskar mai harbin yake kallo. Ranar da tutiyar ta gaji, ba ta sallama. Yatsu ne, ko ido, ko haƙora. Kuma bututun irin wannan gyaran sumul yake, ba shi da zanen murɗi na ciki da ke sa harsashi ya tafi a miƙe, don haka inda ka saita daban, inda ya tafi daban. Tana iya kashe mutum, wannan kam babu shakka. Wanda za ta kashe ne ba ta zaɓa.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, mu ne dai ya zo mana a makare. Cibiyar binciken ƙananan makamai ta Small Arms Survey da ke Geneva ta fitar da rahoto tun 2018 kan yadda gyararrun bindigogin ƙara suka zame wa Turai ƙarfen ƙafa. A Ingila, hukumar yaƙi da manyan laifuka ta gwada wasu samfura na kamfanoni huɗu na Turkiyya, Retay da Ekol da Ceonic da Blow, ta ce suna da saurin gyaruwa, don haka haramtattu ne. A watan Fabrairun 2025 aka ba mutane mako huɗu su miƙa su ga 'yan sanda ba tare da an tuhume su ba. Ku lura, a shago suka saya da rasit, lokacin doka ba ta hana ba, amma duk da haka aka ce su kawo. Kayan da wata kasuwa ta rufe wa ƙofa kuwa ba a teku ake zubar da su ba. Wata kasuwar ake nema musu, inda mutane ke cikin tsoro kuma babu mai karanta rubutun jiki.

To mu ƙaddara ma na yi mata sharri. Mu ƙaddara akwai wata irinta da aka rubuta wa 9x19, ta gaske ce daga masana'anta. Har yanzu tambayata tana nan: wa ya gwada ta?

A ƙasashe 14, ciki har da Jamus da Italiya da Faransa da Beljiyam da Ostiriya da Ingila da Rasha, akwai yarjejeniyar da ake kira C.I.P., wadda asalinta ya faro tun 1914. A waɗannan ƙasashe ba a sayar wa farar hula bindiga sai an kai ta gidan gwaji, kowace ɗaya, ba samfuri ɗaya daga cikin kwali ba. A sa mata harsashin da aka ƙara wa ƙarfi da gangan, na fistol kashi 30 cikin ɗari sama da na kullum, a harba. In ta fita lafiya, a auna ta, a buga mata hatimi a jikin ƙarfen. Wannan hatimin shi ne shaidar wani wanda ba shi da riba a cinikin. Amurka da Turkiyya ba sa cikin yarjejeniyar, don haka rashin hatimin kaɗai bai isa a ce bindiga jabu ce ba. Amma a can akwai kamfanin da ya shigo da ita, da sunansa da garinsa a jikinta, akwai kotun da za ka kai shi. Kai kuma wa za ka kai ƙara? Lambar wayar da za a kashe da zarar kuɗinka sun shiga?

Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta ce dole kowace bindiga ta zo da lambarta ta musamman, da sunan wanda ya ƙera, da ƙasa, da shekara. A bidiyon nan babban yatsan mai tallar bai taɓa sauka daga inda lamba ke zama ba. Ko babu, ko an kankare. Kuma suna a jikin bindiga ba hujja ba ne. A garin Darra Adam Khel na Pakistan da Danao na Filifin maƙera sun shekara da shekaru suna buga kowane irin suna a jikin abin da suka ƙera da hannu. Mu da muka san takalmi mai tambarin Italiya da aka ɗinka a Aba, bai kamata a yi mana wannan wayon ba.

Akwai wani ɗan'uwa, mai ilimi ne kuma ina ganin girmansa, da ya kawo hujjar da ta fi ta kowa ƙarfi. Ya ce ai Glock ma da farko ba wanda ya san shi. Gaskiya ne, har ma ta fi yadda ya faɗa. Gaston Glock ya kafa kamfaninsa a 1963, sandunan labule yake yi, daga baya wuƙaƙe da tarkacen sojoji. Bai taɓa ƙera bindiga ba sai da ya haura shekara hamsin. Amma ɗan'uwa, ka ba da rabin labari. Rundunar sojan Ostiriya ce ta gindaya sharuɗɗa: a cikin harsashi 10,000 na farko kada bindiga ta cije fiye da sau 20, komai ƙanƙantar cijewar. A sake ta daga tsayin mita 2 ta faɗi a kan farantin ƙarfe kada ta tashi da kanta. Bayan harsashi 15,000 a duba lalacewarta, sannan a sa mata harsashin gwaji mai matsi 5,000, fiye da ninki biyu na na kullum. Ya shiga gasar da manyan da suka gaji sana'ar, irin su Heckler & Koch da Beretta da Steyr, ya kayar da su, aka zaɓi tasa a 1982. Da haka baƙon suna ya zama sananne. Kawo min sojan da ya harba 10,000 da taka, ni ma in yi shiru. Ba na ƙin ta don sabuwa ce. Canik na Turkiyya da HS Produkt na Kuroshiya su ma baƙi ne a da, yau ana girmama su, saboda suna da masana'anta mai adireshi, kuma dubban mutane sun harba miliyoyin harsasai da kayansu a bainar jama'a.

Kuma ko masu adireshin ma suna kwafsawa, wannan shi ne abin da ya kamata ya sanyaya wa mai hankali jiki. Remington tun 1816 suke ƙera bindiga. A 2014 suka fito da wata ƙaramar fistol, R51, mujallu suka yi ta kuranta ta kafin ta shiga kasuwa, tana shiga hannun mutane ƙorafi ya ɓarke, a shekarar suka janye ta, sai 2016 ta dawo. Caracal na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, sabon kamfani mai gwamnati a bayansa, ya janye ƙaramar samfurinsa ta C a 2013 saboda haɗarinta ga mai harbi. Taurus na Brazil ya amince da sulhu a kotun Amurka a 2015 kan fistol kusan miliyan ɗaya da aka yi ƙarar cewa suna iya tashi in sun faɗi. SIG Sauer fa? A Janairun 2017 sojan Amurka ya zaɓi P320 ɗinsu, a watan Agustan shekarar aka nuna wadda ake sayar wa farar hula tana tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, dole kamfanin ya ce a kawo ya canza kayan ciki kyauta. Wani kamfani kuma, Hudson, ya fito da tasa a 2017 ana ta tafi, a 2019 ya karye, ya bar waɗanda suka saya babu kayan gyara. Duk waɗannan an gano aibinsu ne don akwai masu gwadawa, akwai 'yan jarida, akwai lauyoyi. Taka idan tana da irin wannan aibin, a cinyarka za a gano shi, ko a jikin yaron da ya jawo ta daga ƙarƙashin katifa ta faɗi. Cinikin biri a sama ke nan, kuma birin mai cizo.

A inda doka ta yarda da riƙe ta, masu abin kan ce kada ka dogara da sabuwar fistol sai ka harba ɗaruruwan harsasai da ita, da irin harsashin da za ka riƙa sa mata. Kai a ina za ka harba ko goma? A bayan gari, unguwa ta watse, a kira sojoji? Ma'ana ranar da za ka fara gwada ta ita ce ranar da ranka ya dogara da ita.

Yanzu mu bar maganar inganci. A ba ka Glock 19 ta asali, sabuwa dal a kwalinta, da harsashinta 15. Me za ta yi maka a matsalar da muke ciki?

Mutane suna ɗauka ƙaramar bindiga ta fi sauƙin sarrafawa. Fim ne ya koya mana haka. A zahiri ita ce mafi wuya. Mariƙinta gajere ne, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. Ba ta da nauyin da zai shanye naushin harbi, sai ta yi tsalle a hannu. Tazarar da ke tsakanin masaitinta na gaba da na baya kaɗan ce, kuskuren da bai kai ƙwayar gero ba a hannunka zai zama kamu guda a can. Cibiyar RAND ta yi nazarin 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, mutanen da aka horar, ake kuma sake horarwa duk shekara. A musayar wuta, kashi 18 cikin ɗari na harbinsu ne ke samun wanda aka nufa. Sauran 82 ɗin ba sama suke ɓacewa ba, wani wurin suke sauka. Wannan ƙwararru ke nan. Kai kuma tsakar dare ne, babu wutar lantarki, jiki na rawa, iyali na ihu, katangar gidanka ta ƙasa ce ko bulo mai rami, maƙwabci na kwance a bayanta.

Su kuwa waɗanda ake cewa za ka tara da ita, kowa a Zurmi da Batsari da Sabon Birni da Birnin Gwari ya san yadda suke zuwa. Babura da yawa, biyu-biyu ko uku-uku a kan kowanne, da kalashin mai cin harsashi 30 wadda ke kai wa mutum daga mita 300. Wasu har da mai jigida. Fistol a hannun gwani mita 25 ce zuwa 50, a hannuna da naka in an yi sa'a faɗin ɗaki. Duk wanda ya ce maka abin aljihun nan zai tare harin ƙauye, ko bai san bindiga ba, ko bai san harin ba, ko kuma yana da kamasho.

Ku tambayi kanku, me aka ƙera ƙaramar fistol ta fi kowace bindiga iyawa? Ɓuya. Ta shige ƙugu, ta shige jaka, ta wuce shinge. Manomin da ke tsaron garinsu ba ya bukatar ɓoye makami, so yake ma a gani a ji tsoro. Mai bukatar ɓoyewa shi ne mai ƙwacen waya da yanzu yake fama da ɗan buda, da ɗan daba, da ɗan bangar siyasa, ga zaɓen 2027 na tafe. Duk dubun da ta shigo da sunan kare kai, ku rubuta ku ajiye, ba a bakin daji za mu gan ta ba. A Kano da Kaduna da Gusau za mu gan ta, a cikin adaidaita, a faɗan fili, a rikicin gado, a hannun mijin da ya fusata. A Amurka da muke ta kafa hujja da ita, mutum 48,830 bindiga ta kashe a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Ba a sa wannan a bidiyon talla.

Sai doka, wadda masana namu suka tsallake kamar ba ta nan. Dokar makamai ta 1959, wadda har gobe ita ke aiki, ta kasa bindigogi gida uku. Bindigar gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin su adaka, kwamishinan 'yan sanda ke ba da lasisinta. Ta farauta mai baki ɗaya ko biyu, Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa suna gida ɗaya da bindiga mai jigida da gurneti da roka, gidan haramtattu, wanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izininsa. Hukuncin wanda aka kama da ita babu wannan izini bai gaza shekara 10 ba. Ba DPO, ba kwamishina, ba gwamna, ba sarki. Duk wanda ya ce zai haɗa maka da takarda, takardar ma jabu ce, laifi biyu ke nan. In kuma ka ce ai tawa ta ƙara ce, to ka tanadi wannan bayanin ka yi wa yaran da ke shingen hanyar Funtuwa da ƙarfe goma na dare. Ban ma yi maganar yiwuwar cewa lambar da ke ƙarƙashin bidiyon tarko ba ce. Ka tura kuɗi a toshe ka, ba ka da bakin kai ƙara, don me za ka ce ka saya? Ko ka je karɓa ka tarar da masu jiranka.

To yanzu ga tambayarku: sai mu zauna a yanka mu?

A'a. Kuma wallahi ban ga laifin wanda tsoro ya sa ya tsaya kallon bidiyon nan ba. Mutumin da aka ɗauke wa mata da 'ya'ya, ya sayar da gona ya biya fansa, aka dawo aka ɗora wa garinsu harajin girbi, kada wanda ya zauna a ƙarƙashin fanka ya yi masa wa'azin haƙuri. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Fushina yana kan mai miƙa takobin, da kuma manyan da suka tura shi ruwan.

Don su suka share wa wannan kasuwa fili. A Maris na 2018 Janar T.Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo ya ce mutane su kare kansu. A 2021 Gwamna Masari ya faɗi irin haka a Katsina. A Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19. Ba a kwana biyu ba kwamishinan 'yan sandan jihar ya fito ya ce takunkumin ba da lasisi yana nan daram, babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Baki ɗaya ya ce ka saya, ɗaya bakin ya ce shekara 10. Talaka ya tsaya a tsakiya, gaba kura baya sayaki. Ƙofar halal a rufe, to ta ina zai bi in ba ta wurin mai hannu babu fuska ba? Su masu maganar kuwa da jerin motocin 'yan sanda suke kwana, babu wanda ɗansa zai sayi tutiya mai fenti.

Kuma kada a ce mana ƙarancin bindiga ne matsalar ƙasar nan. A 2017 kaɗai kwastam sun kama bindigogi 2,671 a Legas a kamu huɗu: 661 a Janairu, 440 a Mayu, sai 1,100 da 470 a Satumba. A Yulin 2024 suka nuna wasu 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne, an cusa su cikin kwantenar ƙofofi da kayan ɗaki daga Turkiyya. Wannan wanda aka kama ke nan. Rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya ya ce zuwa Disambar 2018 akwai makamai 178,459 da rundunar 'yan sanda ta kasa ba da bayanin inda suke, 88,078 daga ciki kalashin ne. Dubu tamanin da takwas! Daga rumbun gwamnati, masu lamba, masu rajista. Ƙasar da ta kasa riƙe waɗanda ta rubuta a littafi, ita za a ƙara wa waɗanda ba su da lamba kwata-kwata?

Abin da nake goyon baya a fili yake, kuma na sha faɗa a shafin nan. In za a ba al'umma makami, a ba ta da rana tsaka. Doguwar bindiga wadda ake gani, mai lamba, a hannun mutanen da mai gari da hakimi da DPO suka san sunayensu da iyayensu, an horar da su, akwai rumbun da ake ajiyewa, akwai littafin da ake ƙirga harsashi, akwai hukunci ga wanda ya yi amfani da ita ya rama tsohuwar gaba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a Janairun 2024. Suna da nasu matsalolin, kuma duk wanda ya san tarihin 'yan sa-kai a Zamfara ya san yadda makami babu linzami ya mayar da satar shanu yaƙin ƙabilanci. Amma aƙalla akwai wanda za a kama a tambaya. Muna da masana'antar DICON a Kaduna tun 1964, an ma sabunta dokarta a 2023. In da gaske ake, me ya hana a ƙera musu a can, a gwada, a buga lamba?

Kuma wannan ba aikin gwamna ba ne, komai ƙarar muryarsa a rediyo. Kundin tsarin mulki ya sa makamai da harsasai a jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Arewa maso Yamma tana da sanatoci 21 da 'yan majalisar wakilai 92. Da yawanku da ke karanta wannan kuna da lambobinsu, wasunku ma ku ne masu ɗora hotunansu duk Juma'a. Wannan yatsan da kuka tura bidiyon fistol da shi zuwa guruf goma, ku tura musu tambaya biyu da shi: yaushe za su taɓa dokar 1959, kuma ina aka kwana kan kalashin 88,078? Wanda aka ba amsa ya ɗauko hotonta ya ajiye min a ƙasa.